FILIN MATA: Na Ajiye Wayata Kwana Arba'in

 

Yau da tonon asirin kaina zan fara. Wata ranar Asabar na ɗora miyar kuka a wuta, na ce bari in leƙa wayata kaɗan kafin ta nuna. Sai na tarar wata da muka yi kwalejin horon malamai tare ta sa hotunan bikinta, ga akwatuna jere, ga leshi, ga mota. Daga ita na zarce wurin wata, daga wata sai wata. Ban farga ba sai da ƙauri ya cika gida. Miya dai an sake wata. Abin da ya dame ni shi ne da dare, da na durƙusa zan yi addu'a, bakina yana godiya ga Ubangiji, zuciyata kuwa tana ƙidayar akwatunan wata. Na tashi ba salama, na kwanta ba salama.

To, 'yar'uwa, in irin wannan ya taɓa samunki, kada ki ɗauka sakarcinki ne ke kaɗai. Abin kasuwa ne, an kuwa shirya shi da dabara. An kafa Facebook a Amurka cikin 2004. Cikin 2012 ya sayi Instagram a kan dala biliyan 1, cikin 2014 kuma ya sayi WhatsApp a kan wajen dala biliyan 19. Wa zai zuba irin wannan dukiya don Allah kawai? Facebook da Instagram daga talla suke samun kuɗinsu, watau gwargwadon daɗewarki kina kallo, gwargwadon ribarsu. Littafi yana da shafin ƙarshe, akushi yana da gindi, in tuwo ya ƙare sai ki wanke hannu. Amma wannan akushi an fasa gindinsa da gangan, kina ja da yatsa wani yana fitowa. Wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin, wanda ya ƙago wannan dabara cikin 2006, daga baya shi da kansa ya fito ya ce ya yi nadama.

Ku 'yan makaranta, wannan naku ne. Cikin 2021 wata ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun kamfanin, aka ga ashe binciken da su kansu suka yi ya nuna Instagram yana sa waɗansu 'yan mata raina jikinsu. Wadda kike kallo kina jin ke mummuna ce, ta ɗauki hoto da yawa ta zaɓi ɗaya, ta kuma goge shi kafin ta nuna. Har wa yau, cikin 2018, a wata jami'a ta Amurka da ake kira Pensilbaniya, an gwada ɗalibai 143. Aka ce wa waɗansunsu kada su wuce minti 10 a rana a kan kowane ɗaya daga Facebook, Instagram da Snapchat. Bayan mako 3 sai aka ga kaɗaici da baƙin ciki sun ragu musu.

Wannan awon masana ne, yana da kyau. Amma farin cikin da Kirista ke nema ya wuce raguwar baƙin ciki. Ku duba wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa. A kurkuku ya rubuta ta, duk da haka daga farko har ƙarshe murna ce cike da ita. Ba mai tafa masa, ba mai yaba hotonsa. Murnarsa ba ta rataya ga idon mutane ba, shi ya sa sarƙa ba ta iya ƙwace ta ba. Tamu kuwa, in mun sa hoto aka yi awa guda ba wanda ya yaba, sai fuska ta ɓaci.

Labarin da ya fi sukar zuciyata shi ne na Marta da Maryamu, cikin Luka sura 10. Yesu ya sauka gidansu, Marta tana ta kai da kawowa wajen hidima, Maryamu ta zauna tana sauraronsa, ita ce kuwa Ubangiji ya yaba wa. Mu mata mukan ji tausayin Marta, gama mun san wahalar baƙi. Amma ku lura, Marta aikin kirki ne ya ɗauke mata hankali, abinci take shirya wa Ubangiji. Ni fa? Ban zauna kamar Maryamu ba, ban yi hidima kamar Marta ba, miya ma na ƙona. Markus sura 1 kuma ta nuna Yesu da kansa ya tashi tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa domin ya yi addu'a, alhali jama'a suna ta nemansa. In shi ya bukaci keɓewa, ina ga ni da ke?

Saboda haka da azumin kwana arba'in na gabanin Ista ya zo, sai na cire Facebook, Instagram da TikTok daga wayata. WhatsApp na bar shi, domin ta nan Zumuntar Mata ke ba da sanarwa, ta nan kuma nake jin muryar mahaifiyata. Da dare wayar a falo take kwana. Na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa don tashi, gama na gane da sunan duba lokaci nake ɗaukar waya da asuba, kafin in ankara lokacin addu'a ya wuce. ('Yan'uwanmu Musulmi da ke karanta wannan fili sun san abin da nake nufi, su ma sukan rage abubuwa da yawa cikin Ramadan.)

Makon farko bai yi daɗi ba. Hannuna sai ya riƙa laluben waya shi kaɗai, kamar mai shan taba da tabarsa ta ƙare. Shirun ma ya yi mini nauyi, gama cikinsa ne na fara jin abubuwan da nake gudu: ƙyashi, da tsoron kada sa'o'ina duka su yi aure su bar ni. Dā in sun taso sai in rufe su da kallon bidiyo. Yanzu ba abin rufewa, dole na kai su gaban Allah da sunansu ɗaya ɗaya. A nan ne salama ta soma shigowa, a hankali, kamar ruwan randa da aka bari ya kwanta. Na karanta Filibiyawa, sura huɗu ce kawai, ba ta kai rabin awa ba. Na kuma soma ziyartar wata tsohuwa ta ikilisiyarmu da idonta ya mutu, ina karanta mata Zabura ran Laraba da yamma.

Ba zan ɓoye muku hasarar ba. Wata ƙawata ta haihu ta sanar a Facebook, ban gani ba sai bayan suna, ta kuwa yi fushi ƙwarai. Sai da na je har gida da turmin atamfa da ban haƙuri. Wadda kuma take sayar da cincin ko kayan sawa ta waya, ban ce ta rufe kasuwarta ba. Amma kowane kanti yana da lokacin buɗewa da na rufewa, ta sa wa nata.

Bayan Ista na mayar da Facebook kaɗai, nakan duba shi ran Asabar bayan na sauke tukunya. Wani makon ina cika alkawari, wani makon ina zamewa, sai in sake farawa. Wadda ta taɓa gwada irin wannan, ko 'yar makarantar da ke so ta gwada lokacin jarrabawa, ta rubuto mini ta hannun Edita, za mu buga wasiƙarta ba tare da suna ba in ta fi son haka. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.