Allurar maleji ba shaida ba ce

Samarinmu sun tsiri ɗaukar hoton allurar maleji suna tuƙi, suna kasada da rayukan bayin Allah don a ce sun ƙure gudu. Mu dai ba mu karɓi wannan shaida ba. Ƙa'idar Turai ta hana maleji nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarje masa ƙari: mai gudun kilomita 200 a awa yana iya ganin 224. Bugatti Chiron, malejinta ya kai 500, alhali an ɗaure ta a 420. A 2020 kamfanin SSC na Amurka ya yi shelar motarsa Tuatara ta haura 500; masu bin diddigin bidiyon suka ƙaryata, daga bisani kamfanin ya amsa. Da aka sake awo a Janairun 2021, 455 aka samu.