Sau nawa za a gyara kafin a canza?

Wani matashi mai ɗaukar hoto a Maraɗi ya rubuto mana cikin satin nan. Ya yi shekara biyu yana tara kuɗi daga aikin bukin aure da suna, ya sayi sabon objektif, wato idon kamara, a kan jika 450. Bayan wata uku idon ya fara gardama: ya danna, injin da ke saita hoto ya yi ta kai da komo, ya ƙi tsayawa a fuskar amarya. Ya aika gyara ta hannun ɗan kasuwar da ya sayar masa, aka yi sati bakwai. Ya dawo, ya yi buki biyu, cutar ta komo. Aka sake aikawa, aka sake maidowa. Yanzu ga shi karo na uku, kamfanin ya ce masa ya sake turowa su duba, kuma kuɗin jirgi a kansa. Garantin kuwa saura wata ɗaya ya ƙare.

Mun ɗauko maganar ne don ta wuce ta mutum ɗaya. Daga Damagaram zuwa Tahoua har Yamai, samari da ƴan mata da yawa da kamara suke ci. Mai hoto in idonsa ya mutu ranar ɗaurin aure, ba a sake ɗaura masa auren gobe. Kuɗin aiki ya tafi, sunansa ya ɓaci a unguwa, wataƙila ma da bashin kayan a wuyansa.

Ra'ayinmu a fili yake: kayan da aka gyara sau biyu a kan cuta ɗaya kuma ta dawo, a canza shi da sabo ko a maida wa mutum kuɗinsa. Gyara na uku jan rai ne kawai har garanti ya ƙare.

Akwai inda doka ta riga ta tsaya a kan haka. A ƙasashen Tarayyar Turai, duk sabon kayan da mutum ya saya yana da kariyar doka ta shekara 2, kuma wanda ya sayar shi ne ke da alhaki. In an gyara aibin bai tafi ba, mai saye na da ikon neman a rage masa kuɗi ko a warware ciniki. A Faransa ma, in an yi gyara a ƙarƙashin wannan kariya, ana ƙara wata 6 a kanta. Kamfanonin da ke ƙera kamarorin nan sun san dokokin sarai, suna kuma bin su a can. Da kayan ya sauka wajenmu sai magana ta canza, a ce garantin na yankin da aka saya ne, ko a ce ba su da wakili a ƙasarku.

Mu ma ba a hannu sake muke ba. Nijar ta yi dokar kare haƙƙin masu saye a 2015. Dokar farar hula da muka gada ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ke cikin haja. A fikihun da ake karantarwa a zaurukanmu ma akwai babin maida kaya saboda aibi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne takarda a hannu da kuma naci.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu kayan Dubai ko na Kano muke saye ta hannun wani da ya san wani, babu faktir, babu tambari, sai “wallahi sabo ne dal”. Wani ma ɗan jiya ne aka goge aka sa a kwali. Araha ba ta ado. Kamfani kuma zai ce ƙurar hunturu ce ko zafin bazara ya kashe kayan, kuma wani lokaci da gaskiyarsa: wanda ke canza ido a tsakiyar fili iska na kaɗawa, shi ya jawo wa kansa. Amma ƙura ba ta zama hujja a kan kowace cuta ba. Gilashin da aka ɗora a karkace tun daga masana'anta, wanda ke sa gefe ɗaya na hoto ya fito dishi-dishi, ko siririyar wayar ciki da ke tsinkewa bayan ƴan watanni, ba iskar Sahel ta kawo su ba. In kamfani ya ce laifinka ne, ya rubuta, ya nuna abin da ya gani da ya buɗe.

To, in abin ya same ka, ga yadda za ka tsaya da ƙafarka.

Da farko ka tabbatar idon ne ke da laifi. Ka goge ƴan ƙarafan da ke haɗa shi da kamara, ka gwada shi a kamarar abokinka, ka kuma sa wani ido a taka. Ka ɗora kamara a kan ƙafa, ka ɗauki bango mai bulo ko jarida a manne, ka duba kusurwa huɗu. Kada ka taɓa hotunan nan: kowannensu na ɗauke da rana, da lokaci, da sunan idon da ya ɗauke shi a cikin bayanansa. Ka yi bidiyon cutar da salula lokacin da take faruwa, don a teburin mai gyara sau da yawa takan ɓuya.

Na biyu, komi a rubuce. Kiran waya iska ne. Ka aika imel, ka sa nimeron da ke jikin idon, ranar saye, ranakun da ka aika da ranakun da aka maido. Ka nemi rahoton gyara kowane karo: me suka gani, me suka canza. In ya dawo ka duba nimero, ka san naka ne aka gyara ko wani aka ba ka. Kafin ka fitar da shi waje, ka bi ta duwan a rubuta cewa gyara za shi ya dawo, kada a sake cajinka kamar sabon kaya.

Na uku, kada ka bari mai gyaran salula na bakin kasuwa ya buɗe shi muddin garanti na nan. Da an ga alamar sukurdireba, magana ta ƙare.

Na huɗu, a karo na biyu ka daina roƙo. Ka rubuta abin da kake so, canji ko kuɗi, ka sa wa'adi, ka aika wa mai sayarwa da kamfani a tare. Ka riƙe ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗinka, don da shi ka yi ciniki. Shi ya ji da wanda ya ba shi kaya. In an yi shiru, ka kai wa ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ko ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiharku. In za ka fito da maganar a Facebook, ka zo da ranaku da takardu, ban da zagi, kada mai gaskiya ya koma wanda ake ƙara.

Ga ƴan kasuwarmu masu shigo da kaya: ku ba da faktir mai nimero, ku faɗa wa mutum tun kafin ya biya ko garantin na aiki a nan ko ba ya aiki. Ga hukuma: wanda duk zai sayar da kaya masu tsada haka, a tilasta masa rubuta sharuɗɗan garanti da wa'adin gyara. Ga masu hoto kuma: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takarda ɗaya daga Maraɗi ana iya share ta, amma ashirin a kan samfuri ɗaya, da nimero da ranaku, sai an amsa.

Matashin da ya rubuto mana mun ba shi shawara ya aika takardarsa kafin watan nan ya fita, don ranar da ya kai kuka ta kasance cikin garanti. Wanda duk ya taɓa shiga irin wannan, da kamara ko salula ko faifan sola, ya aje takardunsa wuri ɗaya ya tuntuɓe mu. Za mu haɗa su mu kai inda ya dace.