Zaren Ƙarfe Cikin Kankare: Yawan Kilo Ba Shi Ne Ƙarfin Gini Ba

Tun daga shekarar 1963, lokacin da wasu injiniyoyi biyu a Amurka, James Romualdi da Gordon Batson, suka wallafa sakamakon bincikensu, masana harkar gini suka tabbatar da cewa zuba siraran wayoyin ƙarfe cikin kwaɓin kankare yana hana tsaga yin nisa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ganin maginin gargajiya yana cuɗa ƙasa da ramno kafin ya ɗora tubali. Ciyawar ba ta ƙara wa ƙasa tauri, aikinta shi ne ta riƙe ta idan ta bushe ta fara darewa. Haka zaren ƙarfe yake yi wa siminti da yashi da tsakuwa.

Abin da ya sa batun ya shafi 'yan kasuwa a yanzu shi ne tsadar rodi. Bayan da gwamnati ta bar kasuwa ta riƙa ƙayyade darajar Naira a watan Yunin 2023, farashin kayan gini ya yi tashin gwauron zabi, kuma duk mai gina sito ko masana'anta a Apapa, Agbara, Shagamu ko Fatakwal ya shiga neman inda zai rage kashe kuɗi. A irin wannan hali maganar wani sinadari da za a zuba cikin kwaɓi a huta da ɗaurin rodi tana da daɗin ji. Akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiyar tana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba yana iya yin asarar dukiya, ko abin da ya fi dukiya.

Kankare abu ne mai ƙarfin ɗaukar nauyin da ya danne shi, amma rago ne wajen jurewa ja ko lanƙwasa. Ƙarfinsa na jure ja bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa na jure danniya ba. Wannan ne dalilin sanya rodi. Zaren ƙarfe, wanda tsawonsa kan kama daga milimita 30 zuwa 60, kaurinsa kuma daga rabin milimita zuwa milimita 1, ba ya sauya ƙarfin jure danniya sai ɗan kaɗan. Ko an ninka adadinsa, sakamakon gwajin murƙushe dunƙulen kankare bayan kwana 28 ba zai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Ba ya kuma hana tsagar farko fitowa yadda masu talla kan so a ɗauka. Amfaninsa yana bayyana ne bayan kankaren ya tsage: dubban wayoyin da suka ratsa tsagar suna riƙe ɓangarorin biyu, nauyi ya ci gaba da wucewa ta kansu, maimakon daɓen ya karye kamar tangaran. Saboda haka ne ake lanƙwasa bakin kowane zare kamar ƙugiya, domin ya yi wuyar zarewa.

A daɓen masana'antu da manyan sito, abin da aka saba zubawa shi ne kilo 20 zuwa 40 cikin kowane kubik mita na kankare. Kashi 1 cikin 100 na girman kwaɓi ya yi daidai da kusan kilo 78 da rabi. Tsakanin waɗannan adadi, ƙara zare yana ƙara juriya bayan tsagewa, wannan ba a jayayya a kansa. Sai dai ribar tana raguwa yayin da adadin ke hawa, matsala kuma tana ƙaruwa. Kwaɓin yana yin tauri, yana ƙin bin shebur, zaren ya fara dunƙulewa kamar sheƙar tsuntsu, kowane dunƙule kuma rami ne ɓoye a cikin daɓe. Kafin a kai kashi 2 cikin 100, kwaɓin yau da kullum ba ya aikatuwa sai da sinadarin sassauta kankare da kuma rage girman tsakuwa.

A nan ne halin wuraren aikinmu ke shigowa. Idan kwaɓi ya yi tauri, abin da lebura zai yi shi ne ya ƙara bokitin ruwa, kuma ba a ga laifinsa ba tunda shi ke ɗaukar kwanon sarki. To amma ruwan da ya wuce ƙima shi ne babban abokin gabar kankare, domin idan ya ƙafe yana barin ƙananan kafofi da ke rage ƙarfi, su kuma buɗe wa danshi hanya. Ta haka mai gini zai biya kuɗin kilo 50 na zare da aka shigo da shi da dala, ya ƙare da daɓen da bai kai na wanda ya zuba kilo 25 ya kuma kiyaye ruwa ba.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya. Sito mai faɗin murabba'in mita 1,000, da daɓe mai kaurin santimita 15, yana cin kubik mita 150 na kankare. A kan kilo 25, ana buƙatar kilo 3,750 na zare. A kan kilo 40, sai an sayi kilo 6,000. Bambancin ya haura tan 2, kuma babu wanda ya isa ya ce wanne ne daidai sai injiniyan da ya san nauyin da zai hau daɓen, ko buhunan riɗi ne, ko ƙafafun manyan kantoci na ƙarfe, ko motar ɗaga kaya mai kai da komo, da kuma ingancin ƙasar da aka daddale a ƙarƙashi.

Kilo ma ba ma'auni ba ne mai gamsarwa. Zare mai tsawon milimita 60 da kaurin 0.9 yana ba da guda sama da 3,000 a kilo ɗaya, alhali mai tsawo iri ɗaya da kaurin 0.75 yana ba da sama da 4,500. Siririn ya fi yawan gadojin da zai shimfiɗa a kan tsaga, saboda haka kaɗan daga cikinsa na iya yin aikin mai yawa na ɗaya, ko da yake shi ne kuma ya fi saurin dunƙulewa. Don magance wannan ne kamfanin Bekaert na ƙasar Beljiyam yake manna zarensa mai suna Dramix jere-jere da wani gam da ke narkewa cikin injin kwaɓi. Ɗan kasuwar da ya kwatanta tayin 'yan kwangila biyu ta hanyar duba yawan kilo kawai yana iya zaɓar mafi rauni yana murna.

Dangane da ƙarko, tambayar da kowa ke yi ita ce ta tsatsa, musamman a Legas da sauran garuruwan bakin teku inda iska ke ɗauke da gishiri. Zaren da ya leƙo saman daɓe yana yin tsatsa, ya bar ɗige-ɗigen ja da ba su da kyan gani. Amma ba ya fasa kankare yadda rodi mai tsatsa ke kumbura ya ɓantare murfinsa, domin kowane zare ƙarami ne kuma ba a haɗe yake da ɗan'uwansa ba. Na cikin ƙurya kuwa simintin yana kare shi muddin kankaren ya matsu sosai. Haɗarin yana wurin tsagar da ta buɗe baki, inda ruwan gishiri zai iya cinye zaren da ke riƙe da ita. A arewa kuma, inda zafi da iskar hunturu ke busar da sabon daɓe cikin sa'o'i kaɗan, zaren ƙarfe ba ya ɗauke wa kowa wajibcin rufe kankare da ba shi ruwa na aƙalla mako guda.

Inda ya kamata a ja layi ja-wur shi ne ginshiƙai, da bim, da dakin na bene. Daɓen da ke kwance a kan ƙasa idan ya tsage asarar gyara ce kawai. Dakin da ke rataye a kan mutane lamarinsa daban. Zaren yana warwatse ne ta kowace fuska, babu mai iya tabbatar da cewa ya taru daidai inda ja ya fi tsanani, alhali rodi ana ajiye shi ne a wurin da lissafi ya nuna. Gaskiya ne an yi amfani da zaren ƙarfe a sassan bangon ramukan jirgin ƙasa na layin Elizabeth da aka buɗe a Landan a 2022, kuma a Turai an gina wasu benaye da daki mai zare, amma da adadi mai yawa, da lissafi na musamman, tare da barin rodi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi domin kada dakin ya rufta gaba ɗaya. Ƙasar da ta ga rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021, inda mutane fiye da 40 suka rasu, ba ta buƙatar wata sabuwar kafar yin ha'inci, ko da yake wancan bala'i ba shi da nasaba da zare.

Wajibi ne Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, da Majalisar Kula da Aikin Injiniya, COREN, da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi, NBRRI, su tsaya kan wannan batu tun kasuwar ba ta cika da waya marar asali ba. Akwai ma damar sana'a a ciki: masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun nuna cewa wayar da ake cirewa daga tsofaffin tayoyi tana iya aiki idan an tsabtace ta an kuma tantance tsawonta, tsofaffin tayoyi kuwa ba su yi wa Nijeriya ƙaranci ba. Amma tsakanin wayar da aka tantance da wadda aka ƙone taya aka kwaso akwai tazara mai nisa, tunda wuta tana lalata ƙarfin ƙarfen.

Kafin hukumomi su motsa, mai gini yana da abin yi da kansa. Ya sa a rubuta cikin yarjejeniya irin ƙarfin da ake buƙata bayan tsagewa, bisa gwajin Turai mai lamba EN 14651, inda ake lanƙwasa sandar kankare mai tsawon santimita 55 ana auna nauyin da take riƙewa har tsagar ta buɗe milimita 3.5. Ranar zuba kankare kuma, a ɗebi lita 10 daga farkon mota, da tsakiyarta, da ƙarshenta, a wanke da ruwa, a tsince zaren da maganaɗisu a ɗora a sikeli. Idan an yi ciniki a kan kilo 30, kowane ɗiba ya kamata ya ba da kusan giram 300.