Na'a-na'ar Yamai ta yi kyan gani, amma ina ƙamshin ya tafi?

Duk mai zaman fada a nan Filato ya san shayi ba ya cika sai da na'a-na'a. To, mun jima muna lura da wani abu. Za ka sayi ɗauri kore shar, ganye fato-fato, ka jefa a buta, sai ka ji kamar ciyawa ka dafa. Kafin la'asar kuma sauran ɗaurin ya yi yaushi. Mu dai muna zargin takin ure da ake zabgawa a garake, daga kwarin Gunti Yena da ke gefenmu har bakin kogi ta Yantala.

Kada a ce muna ƙin takin zamani. Ure na ɗauke da sinadarin azot kashi 46 cikin ɗari, kuma azot shi ne abincin ganye. Shukar da ake yanka ana sake yankewa, irin na'a-na'a da sitironel, tana zuƙe ƙasa sosai. In ba a mayar mata ba, ganyen ƙasa ya fara rawaya, toho ya ragu. Mai garka da ya sa kaɗan bayan yanka ya yi daidai.

Matsalar tana wajen wuce iyaka. Ƙamshin nan wani mai ne da ke cikin ƴan ƙananan jakunkuna a jikin ganye, shi ya sa sai ka murza yake tashi. In azot ya yi yawa, shuka ta yi ta gudun tsawo, ganye ya cika da ruwa ya yi taushi, hanci kuwa bai ƙaru da komai ba. Ganye mai taushi shi darɓa ke so. Darɓa ta sauka, sai a ɗauko maganin feshi, a fesa wa ganyen da jibi za mu tsoma a shayi. Nan ne abin ya daina zama maganar daɗin baki kawai.

Akwai wata ƴar uwar na'a-na'a mai ƙamshin lemun tsami, melisa, da ake nomawa a Turai da Iran da Turkiyya. Masu nomanta don tatsar mai dole su auna taki, domin man ake biya, ba faɗin ganye ba. Mu kuwa a kasuwa, da ido muke saye. Mun taɓa ganin wani ya ɗaga ɗauri ya shaƙa kafin ya miƙa dala ashirin? Sai dai ƙalilan. Mai garka ya ga abin da ke tafiya, ya ƙara taki. Laifin rabinsa namu ne, gaskiya ɗaya ce.

Kuma shi kansa asara yake yi. Tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin taki a duniya, buhu mai kilo 50 ba abin wasa ba ne. Ure da aka watsa a saman ƙasa da rana tsaka, wani kaso na bin iska; wanda ban-ruwa ya wanke kuma ya gangara ƙasa, ƙarshenta kogin Isa. Nan kusa da mu, a Sadore, masu binciken ICRISAT sun nuna wa manoman hatsi cewa cikin murfin kwalba a gindin shuka na yin aiki. In gero ya amsa da wannan, fangalin na'a-na'a bai buƙatar a zuba masa da tafin hannu biyu.

Abin da muke roƙon masu garka: takin awaki da ya ruɓe sosai shi ne tushe, ure ɗan ƙari ne bayan yanka, da yamma, a bi shi da ruwa nan take. Mu kuma daga gobe mu murza ganye ɗaya mu shaƙa kafin mu biya, kuma mu gaya wa mai sayarwa dalilin da ya sa muka ajiye ɗaurin da ya fi girma.