A Koya Wa Majinyaci Ciwonsa Kafin A Sallame Shi

Akwai wani ciwo da ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Kudu su san da shi, domin yakan zo da kamannin atini ko basir, har mutum ya shekara yana maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Likitoci suna kiransa alsaretib kolaitis, watau gyambon babban hanji, kuma dabam yake da gyambon ciki da aka saba kira olsa. Yana farawa daga ƙarshen hanji kusa da dubura, ya riƙa hawa sama, cikin hanjin ya kumbura ya yi miki. Alamunsa su ne zawo da jini da majina, murɗar ciki, yawan yunƙurin bayan gida, da rama. Yakan lafa na watanni, sa'an nan ya sake tasowa.

Ba ɗaukarsa ake yi ba, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa hanjinsa. Tun 1859 wani likita a Landan, Samuel Wilks, ya bayyana shi. Bai kuwa san talaka ko mai mulki ba, gama shi ne ya sa Firayim Ministan Japan, Shinzo Abe, ya sauka daga muƙaminsa a 2020.

Abin da nake so in ja hankalin jama'a da hukumomin lafiya a kai shi ne, wannan ciwo na zama ne, ba a gama da shi da kwanciyar mako guda. Saboda haka duk asibitin da ya sallami mai shi ba tare da ya karantar da shi ba, to rabin aiki ya yi.

Mu ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ya ga jini, sai ya nufi kemis ya sayi Flagyl. Bai ji dama ba, ya koma ga masu tallar maganin basir, ya haɗa da ƙwayar kashe ciwo don kada ya rasa kasuwa. Sai ya galabaita ake ɗaukarsa zuwa asibiti. A can likita na Turanci ko Yarbanci, shi kuwa yana gyaɗa kai, ga kunyar faɗin sau nawa ya zaga. Ranar sallama a miƙa masa takarda, da jini ya tsaya sai ya ajiye magani. Bayan 'yan watanni ga shi an dawo da shi gadon da ya bari. Laifin wa ke nan? Rashin sani, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Abubuwan da ya wajaba a koya masa ba su da yawa. Na farko, maganin kullum, irin su sulfasalazine ko mesalazine, ana shansa ne ko da an ji sauƙi, domin shi ke hana ciwon tashi. Amma prednisolone na ɗan lokaci ne, ana rage shi sannu a hankali bisa umarnin likita. Yanke shi farat ɗaya haɗari ne, daɗewa a kansa kuma yana raunana ƙashi, ya hau da jini da sukari.

Na biyu, ya san ranar da ba a jira. Tun 1955 likitoci biyu a Ingila, Truelove da Witts, suka kafa ma'aunin da ake bi har yau: zawo da jini sau 6 ko fiye a yini, tare da zazzaɓi ko saurin bugun zuciya ko ƙarancin jini. Wanda ya ga haka asibiti zai kwana.

Na uku, ya guji ibuprofen da diclofenac, kada kuma ya sha maganin tsayar da zawo irin loperamide sa'ad da ciwon ya yi tsanani, don hanjin na iya kumbura har ya fashe.

Na huɗu, ya san abin da za a yi masa a kwance. Za a fara gwada bayan gidansa, domin ba da maganin nan a kan atinin da ba a gano ba yana iya zama sanadin ajali. Za a nemi ya ƙidaya zagawarsa kullum, ya faɗa ba ragi, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a yi masa allurar hana daskarewar jini ko da yana zubar da jini, kada ya ɗauka kuskure ne. Idan an kwana 3 bai samu sauƙi ba, za a yi shawarar wani magani ko aikin cire hanjin, wanda ya ceci rayuka da dama. Bayan kamar shekara 8 da fara ciwon kuma, a riƙa leƙa hanjin da na'ura don tsoron ciwon daji.

Wani zai ce likita ɗaya ga layin mutane, ina ya ga lokacin darasi? Gaskiya ne, amma ba lalle sai likita ba. Ma'aikaciyar jinya da tafinta sun isa, kuma minti goma na bayani bai kai tsadar gadon da za a sake tarewa ba. A buga bayanin da boko da ajami, a naɗe shi da murya a waya saboda wanda ba ya karatu. A ba kowane majinyaci kati mai sunan ciwonsa da magungunansa, don in ya tafi gida noma ko salla, likitan can kada ya soma daga farko.

Mu ma akwai namu. Manyan asibitocin koyarwa suna maƙwabtaka da mu, na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, na Jami'ar Ibadan kuma ba shi da nisa da Sabo. Ya kamata Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo da sauran zangogi, tare da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su ware matasa maza da mata masu jin harsuna, waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya, su riƙe musu sirri.

Kai kuma ɗan'uwa, in ka ga zawo da jini ya ƙi tsayawa, ko yana tafiya yana dawowa, bar kemis ka nemi likita. In ka je, ka tambayi sunan ciwonka da amfanin kowace ƙwaya, kada ka tashi sai ka gane. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu lafiya, amin.