Zauren Taro Da Unguwannin Hayin Kogi

Tun 2016 aka rushe rumfunan bakin titi a Yamai, wai birni ya yi kyau kafin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Dokar kasafin kuɗi ta 2018 kuma ta ɗora wa magidanta sabon lanhon gida. Da jama'a suka fito zanga-zanga, aka tsare shugabannin farar hula.

Babban zauren taro na Mahatma Gandhi kyautar Indiya ne, mun yarda. Amma mai kyauta ba ya biyan kuɗin wuta, gyara da albashi har abada. A Satumban 2020, shekarar da aka buɗe zauren, kogin Isa ya ɓalle madatsa, ruwa ya ci gidajen Lamorde da Karaje, iyalai suka kwana cikin azuzuwan makaranta.

Ba mu ƙin baƙi. Masu otal da ƴan taksi na samun na cefane. Muna neman a rubuta cikin doka cewa wani kaso na hayar zaure da harajin otal zai riƙa tafiya ga madatsa da magudanan ruwan waɗannan unguwanni, a kuma buga lissafin kowace shekara, kowa ya karanta.