Ka Sayi Laftof? Kafin Ka Ɗora Ta A Sitatus, Zauna Mu Yi Magana

Na san yadda abin yake. Ka yi wata da watanni kana tari, ka shiga adashe, ka rage shan data, wataƙila ma sai da yaya ko kawu ya cika maka. Yau ga laftof a cinyarka. Abin da zuciya take fara raya maka shi ne ka buɗe ta a kan katifa, ka ɗauke ta hoto, ka ɗora a sitatus da "Alhamdulillah". Ɗora abinka, Allah ya sa a kashe lafiya. Ke ma 'yar uwa da ke nake, don na ga yanzu ku ne kan gaba wajen koyon zane da harkar kasuwancin intanet.

Amma tambaya ɗaya zan yi maka: wa ya saita ta?

In amsarka ita ce "ai mai shago ya riga ya zuba min komai", to ka ɗan dakata da murnar. Kuɗinka ka biya, wannan ba gardama. Sai dai kwamfutar da wani ya buɗe wa asusu, ya zuba mata manhajojin da ba ka san daga ina ya kwaso su ba, har yanzu ba ta gama zama taka ba. Kuma wannan magana ta ƙara nauyi tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025.

A ranar ce kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, manhajar da ya fitar tun 2015, wadda ita ce a kan galibin kwamfutocin da muke gani a makarantu da shagunan buga takardu. Mutane da yawa sun ji labarin sun tsorata, washegari suka kunna kwamfuta suka ga ta tashi lafiya lau, sai suka ce ashe surutu ne kawai. Ba surutu ba ne. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turo mata duk wata. Kamar katangar gida ce da magini yake zuwa yana toshe duk ɓarakar da ta bayyana, sai ya ce daga yau ya daina zuwa. Katangar ba za ta faɗi a ranar ba. Amma duk ramin da ɓarawo ya gano daga yanzu, a buɗe zai zauna. In kana ganin abin da wasa, ka tuna WannaCry a watan Mayun 2017: cutar kwamfuta ce da ta bi ta wata kafa a Windows ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Abin takaicin, an riga an fitar da facin wannan kafa wata biyu kafin nan, mutane ne ba su saka ba.

To me ya haɗa wannan da laftof ɗinka? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin abin da muke kira "sabuwar laftof" sabuwa ce a hannunmu kawai. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, sabuwa fil a kwali ta fi ƙarfin ɗalibi da mai neman na kansa. Ta hannu muke saye, wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus, ko a Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko wadda aka hauro da ita daga Computer Village ta Ikeja. Mafi yawansu kwamfutocin ofis ne da kamfanonin Turai da Amurka suka gama da su: su HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Kaya ne masu ƙwari, ni kaina su nake ba mutane shawarar saye.

Matsalar ita ce Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel sai firosesa zubi na takwas zuwa sama, a AMD kuwa daga jerin Ryzen 2000. Duk wadda ta gaza haka, a hukumance ba ta da rabo. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sauyi zai iya mayarwa shara. Yanzu kai da kanka ka yi lissafi: kamfani a Landan ya kwashe tsofaffin kwamfutocinsa saboda ba sa ɗaukar sabuwar manhaja, ina kake tsammanin za su dosa? A ganina wani kaso mai tsoka jirgin ruwa zai hau, a sauke shi a Legas, a goge shi ya yi ƙyalli, a jera maka a gilas.

Shi ya sa darasin farko na sanin laftof ɗinka shi ne karanta lamba. Kada "Core i7" ɗin da ke manne a jiki ya ruɗe ka, wannan sitika ta cinye kuɗin mutane da yawa. Shiga Settings, ka danna System, ka gangara About, ka duba cikakken sunan firosesa. In ka ga i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 6, ita ce zubin. i7-7600U zubi na bakwai ne. i5-8350U na takwas ne, ta tsallake. Ka ga ke nan i5 ta takwas ta fi i7 ta shida amfani gare ka a yau, ko da mai shago ya rantse maka da akasin haka. In lambobin biyar ne, kamar 10210U, zubi na goma ke nan.

Za ka ce, "To ai tawa ta shida ce, kuma ga Windows 11 a kanta." Eh, ana yi. Akwai dabarar da ake tsallake sharuɗɗan a cusa ta da ƙarfi, kuma tana tashi ta yi aiki. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Ba ina cewa duk mai sayar da ita macuci ba ne, wasu ma taimako suke ganin sun yi maka. Abin da nake cewa shi ne a faɗa maka gaskiya, kuma farashin ya nuna gaskiyar. Kada ka biya kuɗin doki a miƙo maka jaki da sirdi.

In kuma aikin gama ya gama, ka riga ka saya, ba kuka za ka zauna yi ba. Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin facin tsaro ga masu Windows 10 har zuwa 13 ga Oktoban 2026, ko ka biya dala 30, ko ka samu kyauta in ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a adana saitinka a can. Jinkiri ne dai, ba magani ba. Mafita mai ɗorewa ga tsohuwar kwamfuta ita ce Linux, musamman Linux Mint, wadda kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma fuskarta ba ta yi nisa da abin da ka saba ba. In burinka koyon rubuta manhaja ne, irin abin da matasa ke yi a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wallahi ba ka yi asara ba, wataƙila ma riba ka ci. In kuwa Photoshop ko CorelDRAW ne abincinka, Linux za ta ba ka wahala, gara ka fara tunanin musanya.

Yanzu mu koma kan tambayata ta farko. Shawarata, wadda na san ba kowa zai so ta ba, ita ce ka goge komai ka fara daga farko. Samu filashi mai gig 8, ka sauke Windows daga shafin Microsoft kansa, ka ɗora da hannunka, ko ka zauna kusa da wanda ya iya kana kallo. Kada ka ji tsoron lasisi: galibin kwamfutocin ofis ɗin nan lasisinsu yana cikin allon na'urar, da ta hau intanet za ta gane kanta.

Me ya sa wannan wahalar? Saboda "an zuba maka komai" ɗin nan yawanci yana nufin Office da Adobe na sata, waɗanda aka fasa da wata 'yar manhaja. Kuma kafin wannan 'yar manhaja ta yi aiki, sau da yawa sai an kashe mai gadin Windows, wato Defender. Shi mai shagon ma bai san wanda ya rubuta ta ba, a wani shafi ya tsinto. A kan wannan kwamfutar za ka buɗe imel ɗinka, ka haɗa WhatsApp, ka shiga banki, burauza ta tambaye ka ko ta adana kalmar sirri ka ce eh. Masu kutse ba sa buƙatar fiye da haka. In rubutu da lissafi ne damuwarka, akwai LibreOffice kyauta, akwai Google Docs, akwai ma Word na kan intanet da ba a biyan ko sisi.

Gogewar tana da wani amfanin kuma: tana tona asiri. In kana cikin saitawa ka ga sunan wani kamfani ko wata makarantar waje ya fito, ana neman imel ɗin ma'aikaci, to kwamfutar tana nan a rajistar masu ita na farko, ba su sake ta ba. Mayar da ita a ranar. Haka nan ka gwada shiga BIOS lokacin da take tashi, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirrin da ba ka sani ba, ita ma hanyar shago za ta kama.

Ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Sababbin zubin Windows 11 sukan kulle faifan ajiya da kansu da tsarin BitLocker da zarar an shiga da asusun Microsoft. Abu ne mai kyau, in an sace laftof ɗin ɓarawo ba zai karanta fayilolinka ba. Amma makullin buɗewa, lambobi 48 ne, yana tafiya ne cikin asusun wanda ya saita kwamfutar. Wata ƙanwata ta ɗanɗana wannan. A wani shago aka saita mata, yaron shagon ya buɗe asusun da imel ɗin da shi kansa bai riƙe ba. Ana saura 'yan makonni ta miƙa furojet ɗinta na ajin ƙarshe, kwamfutar ta samu matsala aka taɓa cikinta, da aka kunna sai ga shuɗin allo yana neman makulli. Ta koma shago, yaron ya bar aiki. Babu injiniyan da ya iya yin komai, don haka aka gina tsarin. Babi huɗu ta sake rubutawa daga abin da ta taɓa tura wa malaminta da 'yan takardun da ta buga. Don haka asusun ya zama naka, da lambar wayarka. Ka shiga shafin asusun ka nemo makullin, ka kwafe shi da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Duk aikin da ka san ba za ka iya jure rasa shi ba, ya kasance yana wuri biyu.

Batun data kuwa, tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ba wanda zai so ya haɗa laftof da hotspot ya wayi gari gig ɗinsa na wata ya tafi. Sabuwar Windows mayunwaciya ce a ranar farko. Yi mata sabuntawar farko a wayfay na makaranta ko da datar dare, daga nan ka shiga saitin intanet ka kunna Metered connection, za ta rage haɗiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu kashe sabuntawa gaba ɗaya don tsimin data. Ka ga sun mayar da kansu inda masu Windows 10 suke, da hannunsu.

Sai batir. "Yana yin awa biyar" magana ce ta baki. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da rahoto. Duba layi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun bai wuce rabin na farkon ba, batirin ya tsufa, kuma a ƙasar da wuta take zuwa kamar baƙuwa, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Ka kuma tabbatar cajar ta asali ce, don jabun caja a kan janareto ta aika kwamfutoci da yawa lahira. Katifar nan da ka ɗauki hoto a kai kuwa, sauke ta daga can. Ta ƙasa da gefe take shan iska, ga zafinmu ga ƙurar hunturu, in ka toshe mata hanci fanka za ta yi ta ihu har ta gaji.

Wani ɗan abu da nake jin haushin yadda ba a sani ba: Windows tana da allon rubutun Hausa. Shiga saitin harshe ka ƙara Hausa, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ka je kana kwafowa daga wani wuri ba. Mun daɗe muna rubuta "kasa" muna barin mai karatu ya yi ta canki tsakanin ƙasar haihuwa da kasa cin jarabawa.

Duk gwaje-gwajen nan ka yi su cikin kwanakin garantin da mai shago ya ba ka, waɗanda sau da yawa ba su da yawa, don haka ba abin bari sai ƙarshen mako ba ne. Kuma kada ka bar shagon ba tare da rasit ba, mai ɗauke da sunan shago, da samfurin kwamfutar, da lambar siriyal ɗin da ke ƙasanta. Ka san yadda ake kallon matashi da jakar laftof a shingen bincike, wannan na cikin koke-koken da suka fito fili lokacin zanga-zangar EndSARS a 2020. Ka ɗauki hoton rasit ɗin ka bar shi a waya. In babu lambar siriyal a jikin wanda aka ba ka, gobe da safe ka koma a rubuta maka.